Hoton Abinci a Darasin Intanet: A Ɗauki Ilimin, a Bar Kwaikwayon

Duk mai buɗe WhatsApp ko Instagram da hantsi a Kano, ko Kaduna, ko Zariya, ko Maraɗi ya san cewa wani ɓangare na kasuwar abinci ya koma cikin waya. Kafin azahar sitatus ya cika da masa, da dambun shinkafa, da alkubus, da farfesun kayan ciki, kowane hoto da farashinsa a ƙasa. Mai saye ba ya jin ƙamshi, ba a ba shi ɗanɗano, ba ya ɗaga murfi ya leƙa. Abin da idonsa ya gani cikin ɗan lokaci shi zai sa ya ce “Hajiya, nawa ne na mutum biyar?” ko kuwa ya wuce. Shi ya sa nake ganin bai dace a riƙa yi wa masu koyon ɗaukar hoton abinci ta intanet kallon marasa aikin yi ba. Sana'a suke koyo, kuma sana'a mai ci. Sai dai koyon iri biyu ne. Akwai wanda ke ƙara wa mutum ciniki da mutunci, akwai wanda ke barinsa da asarar data da hoton da bai yi kama da tukunyarsa ba.

Ciniki daga cikin gida tsohon abu ne a ƙasar Hausa. Polly Hill, Baturiyar Ingila da ta yi bincike a Batagarawa kusa da Katsina, ta yi rubutu a 1969 kan hada-hadar da matan kulle ke yi ba tare da sun taka kasuwa ba. Bayanta Enid Schildkrout ta yi nata binciken a birnin Kano a shekarun 1970, ta nuna cewa da yara wannan ciniki yake tafiya: uwa ta soya ta dafa, 'yarta ta ɗauki tire ta shiga gari. Mu da muka tashi a ciki mun san abin da talla ta ci wa 'yan mata, mun san karatun da aka rasa da tsayuwa a tasha da gareji har bayan isha'i. Hoto mai kyau 'yar talla ce da za a aika ko'ina ba tare da an cire kowa daga aji ba. Ban ce zai kawar da talla baki ɗaya ba, domin mai ƙosan lungu ba a waya take samun masu saye ba. Amma matan da ke karɓar odar abincin suna, da na biki, da na ofis, da kayan buɗa-baki a watan azumi, yawancinsu hoto ne ke kawo musu baƙin fuska.

A da wanda ke son koyon hoto sai ya zama yaron shago a wurin mai hoto, ya daɗe yana riƙe fitila da wanke fim kafin a bar shi ya taɓa kyamara. Matar aure ba ta da wannan hanyar. Yau kafofin koyarwa irin su Udemy da Skillshare da Domestika suna ɗauke da kwasa-kwasan hoton abinci, wasu na 'yan awanni, wasu na makonni. Andrew Scrivani, wanda ya daɗe yana ɗaukar wa jaridar New York Times hotunan abinci, ya koyar a dandalin CreativeLive. Joanie Simon, wata Ba'amurkiya, tana da tashar The Bite Shot a YouTube, inda ake kallon darussa masu yawa kyauta. Ilimin da a da sai a situdiyon manyan biranen Turai da Amurka ake samunsa, yanzu yana shigowa har tsakar gida. Wannan alheri ne, kuma bai kamata mu bari ya wuce mu ba.

Wanda ya bi darussan nan zai lura cewa malaman kirki ba sa farawa da maganar tsadar kyamara. Da haske suke farawa, kuma a kansa suke daɗewa. Mu ɗauki tuwon shinkafa da miyar kuka, abincin da mutane da yawa suka fid da rai da samun hotonsa mai kyau. Yadda aka saba shi ne a ajiye kwano a tsakar ɗaki da daddare, ƙwan lantarki a sama, a kunna fitilar waya a ɗauka. Tuwon ya fito fari fat babu siffa, miyar ta koma baƙin tabo mai ƙyalli. Kuka ba ta da laifi a nan. Hasken da ya fito daga inda kyamara take kashe inuwa yake yi, ita kuwa inuwa ita ke nuna wa ido tudu da kwari. Darasin farko zai ce a kashe ƙwan, a kashe fitilar, a kai kwanon kusa da taga ko bakin ƙofa da rana, hasken ya shigo ta gefe ko ta ɗan baya. Nan take malmalar za ta tashi, gefe guda da haske, ɗayan da inuwa mai laushi, har sawun mara ya fito a jikinta. Idan rana ta yi kaifi a rataya farin mayafi a tagar, domin hasken da ya bazu ta wuri mai faɗi inuwarsa takan yi taushi. Idan ɓangaren inuwar ya yi duhu da yawa a jingina farin kwali a wajen, ya dawo da hasken kan abincin. A ɗiga man shanu a kan miyar, a juya kwanon a hankali har hasken ya kama santsinsa. Tururi kuma ba ya fitowa sai hasken yana gefensa ko bayansa, kuma abin da ke can baya mai duhu ne. Duk wannan aikin bai ci ko sisi ba.

Kashe ƙwan da ake cewa a yi yana da dalili. Kowane haske da launinsa. Ƙwan lantarki mai ruwan ɗorawa yana wajen 2,700 a ma'aunin Kelvin, hasken rana tsaka kuma wajen 5,500. Idan suka haɗu a kan kwano ɗaya kyamara ba ta san wanda za ta bi ba, sai rabin shinkafar ya yi rawaya, rabi ya yi shuɗi-shuɗi. Bangon ɗaki mai koren fenti ma yakan zuba launinsa a kan abinci. Kyamara kuma tana da wata ɗabi'a: idan fari ya cika mata ido sai ta rage haske da kanta, shi ya sa fura da nono ke fitowa toka-toka. Maganinsa a taɓa fuskar wayar a ja hasken sama kaɗan. Sai kuma inda za a tsaya. Abin da yake a shimfiɗe, kamar masa a faifai ko tiren buɗa-baki, daga sama ake ɗaukarsa. Abin da ke cikin kwano mai zurfi, daga inda idon wanda ya zauna zai ci yake ganinsa. Abin da aka tula, kamar alkaki da nakiya da dubulan na gara, daga gefe, don tsayinsa ya fito. Idon kyamarar waya mai faɗi ne, yana kumbura duk abin da ya matso shi sosai, saboda haka gara a ɗan ja baya. Kafin komai kuma a goge shi, domin wayar da ke yini a kicin ba ta rabuwa da maiƙo.

Zuwa nan ilimin na kowa ne, yadda yake aiki a Landan haka yake aiki a Gusau. Inda ɗalibinmu zai buɗe ido shi ne wurin da malamin ya fara magana daga tagar gidansa. Sau da yawa za ka ji suna yabon tagar da ke kallon arewa, suna cewa rana ba ta faɗowa ta cikinta kai tsaye. A ƙasashensu maganar tana kan hanya. Kano kuwa tana kan digiri 12 ne arewa da layin da ya raba duniya biyu, kuma daga ƙarshen Afrilu zuwa bayan tsakiyar Agusta rana tana bi ta arewacin tsakiyar sama, don haka bangon arewa ma yana shan rabonsa. Ranarmu ta tsaka a tsaye take bisa kai, tana ƙona fari tana baƙanta inuwa. Lokacin da ya fi mana shi ne sanyin safiya zuwa hantsi, da kuma bayan la'asar, a inuwar rumfa ko a bakin zaure. Hazon hunturu da muke kuka da shi yana tace haske ya yi laushi, haka ma gajimaren damina. Malamin da ke Turai ba zai gaya maka wannan ba, domin bai san gidanku ba. Kai za ka zauna ka lura da yadda rana ke zagaya tsakar gidan daga safe zuwa magariba, ka gane kusurwar da ta fi karɓar kwano.

Abin da ya fi damuna shi ne kwaikwayo. Abincin da ake koyarwa da shi a yawancin darussan nan na masu shi ne: fanken Turawa an jera bisa juna da jajayen 'ya'yan itace, da kek, da salak, da taliyar Italiya, a kan farin dutse mai sheƙi, ga adiko ruwan toka, ga furanni a warwatse. Ɗalibi ya yi ta kallon wannan har zuciyarsa ta ɗauka cewa kyau ke nan, babu wani. Daga nan sai ka ga ɗanwake an kewaye shi da furen roba, ko miyar taushe an soka mata ganyen da ba a taɓa cin ta da shi ba, ko tuwo da wuƙa da cokali mai yatsu a gefensa. Na sha ganin hoton da hannun hagu ne ke ɗaukar loma, don kawai haka aka gani a misalin malami. Kayan aro ba ya rufe katara. Wanda aka yi hoton dominsa yana kallo zai ji akwai abin da bai zauna ba, ko da ya kasa faɗin mene ne, kuma abincin da bai yi kama da na gida ba ba ya tayar masa da kwaɗayi.

Alhali kowace ƙa'ida da malamin ke son koyarwa tana da amsa a cikin kayanmu. Idan ya ce a nemi bambancin launi tsakanin abinci da mazubinsa, iyayenmu sun daɗe da sanin kyan farin tuwo a baƙin akushi. Idan ya ce a shimfiɗa abin da ba ya ƙyalli a ƙasa, ga faifai, ga tabarmar kaba, ga zanen da aka rina da shuni a Ƙofar Mata. Idan ya ce adon abinci ya fito daga cikin girkin kansa, ɗanwake yana da yajinsa da mansa da yankakken ƙwai da tumatir, tsire yana da albasarsa da garin ƙuli, fura tana da ƙwarya da ludayi. A gwada ɗaga fallen kilishi tsakanin waya da taga. Hasken zai ratsa ta wuraren da naman ya yi siriri, jansa ya fito, a ga yaji da ƙuli sun kama jikinsa, a ga gefen da wuta ta lasa. Wanda ya san kilishi daga wannan hoton kaɗai zai gane cewa gwani ne ya yanka, kuma an shanya shi ya bushe yadda ya kamata. Sanin gefen masar da ya fi soyuwa, da lokacin da dambu ke washewa, da yauƙin da miyar kuɓewa ke yi idan ta yi daidai, ilimin mai girki ne, kuma shi ne rabin hoton. Ɗaya rabin ne kawai za a samo daga darasi. Mai girkin da ta raina nata rabin ta je tana kwaikwayon teburin wasu ta yi asarar abin da ta fi malaminta sani.

Rauni na biyu na karatun intanet shi ne rashin mai gyara. Yaron shago yana da maigida tsaye a kansa, yana kuskure ana nuna masa. Bidiyo ba ya ganin hotonka, ba ya kuma tambayarka ko ka yi aikin jiya. A 2019 mujallar Science ta buga binciken Justin Reich da José Ruipérez-Valiente kan darussan da jami'o'in MIT da Harvard suka buɗe wa duniya a dandalin edX, inda suka gano cewa a zangon 2017 zuwa 2018 kimanin kashi 3 cikin 100 ne na masu rajista suka kai ƙarshe. Waɗancan darussan jami'a ne, amma ciwon iri ɗaya ne: shiga da sauƙi, fita da sauƙi, babu mai cigiyarka. A wurinmu ga kuma tsadar data, musamman tun da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗi har kashi 50 cikin 100 a Janairun 2025. Saboda haka kafin a biya kuɗin kowane kwas a nemi sanin abu uku. Shin malamin yana da hotunan da shi da kansa ya ɗauka, ana iya gani? Shin yana ba da aikin yi bayan kowane darasi? Shin akwai wanda zai duba aikin ya faɗi inda aka kauce? Wannan ma'aunin ya shafi har azuzuwan da ake buɗewa a WhatsApp da Telegram. A cikinsu akwai na gaskiya, akwai kuma waɗanda ake karɓar kuɗin rajista, a turo bidiyon da aka kwaso daga YouTube, a rufe da takardar shaida. Mai yin oda hoto yake kallo, ba ya tambayar satifiket.

Idan kwas bai zo da mai gyara ba, sai a samar da shi a gida. Mata uku ko huɗu masu sana'a ɗaya su haɗa kai, kowace ta turo hoto guda a mako, sauran su faɗi gaskiya ba tare da jin nauyi ba: “Yaya, miyar nan ta yi duhu, matsar da ita bakin ƙofa,” ko “Anti, kayan da ke bayan kwanon sun fi abincin jan ido.” A ɗauki kwano ɗaya a wuri ɗaya da safe, da rana, da yamma, a jera hotunan a kwatanta. Wanda ya kalli darasi guda ya tashi ya gwada ya fi wanda ya kalli ashirin yana kwance.

Sai babbar magana, wato amana. A duniyar tallace-tallace an san dabarun da ake yi wa abinci don ya yi kyau a hoto: farin gam a maimakon madara, markaɗaɗɗen dankali a maimakon askirim don kada ya narke a gaban fitilu, kwali a tsakanin yankan burodi don ya yi tsayi. A ƙarshen shekarun 1960 hukumar kula da cinikayya ta tarayyar Amurka ta tuhumi kamfanin Campbell da zuba ƙwallayen gilashi a gindin kwanon miya, don kayan cikinta su taso sama a ga kamar sun fi haka yawa, kuma kamfanin ya amince ya daina. Mu Musulmi muna da abin da ya riga wannan da ƙarnoni. A hadisin da Muslim ya ruwaito, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce ta wurin mai sayar da tsibin abinci, ya tura hannunsa ciki ya ji danshi a ƙasa. Mai kayan ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Sai ya tambaye shi dalilin da bai sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani ba, ya kuma nisanta kansa daga mai algus. Hukuncin wancan tsibin shi ne hukuncin hoton da ake sa wa farashi. Gyara haske da goge bakin kwano da zaɓen gefen da ya fi kyau tsafta ce da iya aiki. Amma sa tsoka shida a hoto a aika da uku a roba algus ne. Haka ma ƙara wa shinkafa ja da filta har ta wuce launinta, ko ɗauko hoton wata a intanet a ce nawa ne, ko sa ƙirƙirarriyar basira ta zana farantin da ba a taɓa dafawa ba. Dokar ƙasa ma ba ta yi shiru ba. Dokar gasa da kare masu saye ta 2018 ta hana bayanin da zai yaudari mai saye, dokar haƙƙin mallaka ta 2022 kuma ta ba mai hoto iko a kan hotonsa. Ko ba don doka ba, ramin ƙarya ƙurarre ne. Wadda ta buɗe leda ta ce “Hajiya, wannan ne na hoton?” ba za ta sake dawowa ba, kuma sai ta gaya wa ƙawayenta. Wadda ta iya haske ba ta buƙatar ƙarya, domin abincinta na gaskiya ya isa ya ja mai saye.

Akwai masu ƙyamar abin gaba ɗaya, kuma maganarsu tana da nauyi. Tarbiyyarmu ba ta son nuna abinci. An hore mu da rufe kwano idan za a ratsa da shi ta waje, da ɗiba wa maƙwabcin da ƙamshi ya kai masa. A tsakiyar 2024 hauhawar farashin abinci a Najeriya ta haura kashi 40 cikin 100 a ƙididdigar Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, kuma gidaje da yawa har yau ba su farfaɗo ba. A irin wannan hali baje kaji da soyayyen nama a sitatus don a san ka ci daɗi rashin tausayi ne, ina tare da masu faɗin haka. Amma mai neman halalinta da ta nuna hajarta daban take da mai alfahari. Mahauci ma a fili yake rataye nama, ba wanda ya ce ya yi rashin kunya. Masu taka-tsantsan kan hukuncin hoto kuma sun san cewa saɓanin malamai a kan abu mai rai yake. An ruwaito cewa Abdullahi ɗan Abbas, Allah Ya yarda da su, ya shawarci wani mai sana'ar zane da ya koma zana itatuwa da abin da ba shi da rai. Masa da kilishi suna cikin wannan sahun.

Abin da ya rage mana shi ne harshe. Kusan duk darussan da na ambata da Turanci suke, kuma mata da yawa da suka fi kowa iya girki ba za su iya bin Ba'amurke yana zuba bayani da sauri ba. Shirin Akushi da Rufi na tashar Arewa24 da tarin masu koyar da girki a YouTube da TikTok sun nuna cewa masu son koyo da Hausa suna da yawa. Ina kira ga matasanmu da suka riga suka ƙware a hoto, waɗanda ke ɗaukar bukukuwa da tallan kamfanoni, su shirya darussa gajeru marasa cin data, da Hausa, da waya irin wadda kowa ke riƙewa, da tuwo da fura da dambu a matsayin misali, su kuma yarda su duba aikin ɗalibansu. Cibiyoyin koyar da mata sana'a, da ke koyar da girki da ɗinki da haɗa turare, su ware ko da mako guda ne na koyon hoto, tare da darasi a kan gaskiya a talla. Wanda ya shirya irin wannan darasi da kyau ya sa masa farashi mai sauƙi zai samu ɗalibai daga Sakkwato har Damagaram, kuma zai taimaki gidaje da yawa da tukunyar uwa ce ke riƙe da su.